Sayen Injin Zarto Na Farko: Abin Da Ya Kamata Sabon Kafinta Ya Duba

(Jawabin da aka gabatar a zaman tattaunawa kan sana'o'in hannu, ranar taron shekara-shekara na ƙungiya)



An nemi in yi magana a kan abin da ya kamata mutum ya duba idan zai sayi injin zarto mai tebur karo na farko. Na san a cikinmu akwai waɗanda suka kusa ajiye aiki, suna tunanin buɗe ɗan shagon kafinta. Akwai masu son kafa ɗa ko ƙane da ya gama makarantar koyon sana'a. Akwai kuma wanda sha'awa ce kawai, yana so ya riƙa haɗa benci da kantar littattafai da hannunsa ran Asabar. Dukkansu kasuwa ɗaya za su je, kuma tambayoyi biyu ne za su fara fitowa daga bakinsu: nawa ne, doki nawa ne ƙarfinsa? Ni kuwa shawarata ita ce a bar waɗannan biyun sai daga ƙarshe. Tambayar farko ita ce: shin injin nan yana yanka daidai? Domin injin da ke yanka daidai shi ne wanda ke fitar da aiki mai kyau, kuma shi ne dai wanda zai bar mutum ya tsufa da yatsunsa goma.

Yadda injin yake

Ga wanda bai taɓa tsayawa kusa da shi ba, injin tebur ne na ƙarfe, an huda tsakiyarsa, faifan zarto mai haƙora ya leƙo ta ƙasa. Faifan yana nan wuri ɗaya yana juyawa, kafinta ne ke tura katako zuwa gare shi. A gefe akwai wani dogon ƙarfe da ake matsarwa a kulle, shi katakon ke jingina da shi yana tafiya. Za mu kira shi jagora. A kan teburin kuma an fafe makwarara biyu, ɗaya hagu da faifan ɗaya dama, inda ma'aunin kusurwa ke sulalewa. Aiki iri biyu ake yi: tsagawa, watau bin tsawon katako, da datsawa, watau yanke shi a kwance.

Faifan da aka fi amfani da shi faɗinsa inci 10 ne, kimanin milimita 254, yana iya cin kaurin inci 3. Idan yana juyawa sau 4,000 a minti ɗaya, to haƙoransa suna gudun kusan kilomita 190 a awa. Idan haƙoran 40 ne, fiye da 2,600 ke wucewa ta wuri ɗaya a cikin daƙiƙa guda. Babu mai zafin naman da zai janye hannu kafin wannan ya yi ɓarna. Hukumar CPSC, wadda ke sa ido kan haɗarin kayayyakin da ake sayar wa jama'a a Amurka, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2015 kaɗai mutum fiye da 30,000 aka kai sashen gaggawa na asibiti sabili da wannan inji, fiye da 4,000 daga cikinsu sun rasa yatsa ko wani sashe na hannu. A ƙasar da injuna ke fitowa daga kamfani da murfi da takardar gargaɗi ke nan.

Harbi

Babban abin da ya kamata sabon shiga ya fahimta shi ne harbi. Haƙoran gaban faifan ƙasa suke yi, suna danne katako a kan tebur. Haƙoran baya kuwa sama suke tasowa, suna fuskantar mai aiki. Muddin katakon yana tafiya sambal, haƙoran baya ba su cin komai, suna wucewa ne ta cikin bakin yankan da na gaba suka buɗe. Amma da zarar katakon ya karkace, ko bakin yankan ya matse, sai haƙoran baya su cafke shi, su ɗaga shi, su wurgo shi kamar harbin jaki. Wanda ya tsaya a saitin faifan zai sha a ciki ko a ƙirji. Abin da ya fi wannan muni, hannun da ke riƙe da katakon yakan bi shi, ya faɗa kan haƙora.

Abubuwa uku ke jawo harbi. Na ɗaya, jagorar da ta karkata, bayanta ya matso kusa da faifan, tana matse katakon. Na biyu, ɗanyen katako, wanda da an tsaga shi sai ya rufe bakinsa ya kama faifan. Mun kuwa san yawancin katakon da ake saukewa a kasuwanninmu bai gama bushewa ba. Na uku, yanka ba tare da jingina katakon da komai ba. Idan kun riƙe waɗannan uku, duk abin da zan faɗa nan gaba zai zama a fili.

Jagora

Abin dubawa na farko ita ce jagora. A matsar da ita, a kulle, sa'an nan a kama ƙarshenta na baya a girgiza. In ta motsa, a bar injin. A buɗe a sake kullewa sau biyar ko shida, kowane karo a auna tazarar da ke tsakaninta da makwarara a gaba da kuma a baya. Dole ma'aunin ya zo ɗaya. In ma za a sami bambanci, to ya kasance bayan ne ya ɗan buɗe kamar kaurin takarda, kada ya matso. Jagorar da sai an bubbuga ta da guduma an auna gaba da baya kafin kowane yanka, za ta cinye wa mutum yini, kuma ran da gajiya ta sa ya ƙi aunawa, ran nan za ta nuna halinta.

A duba kuma iyakar inda jagorar ke kaiwa. Filawud yana zuwa ne ƙafa 4 da ƙafa 8. Wanda zai riƙa raba shi biyu yana bukatar jagorar ta buɗe inci 24 daga faifan, ko fiye.

Wuƙar baya da murfi

Na biyu, a leƙa bayan faifan. Ya kamata a ga wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kama da lauje, ba shi da kaifi, yana tsaye daf da haƙoran baya, yana hawa yana sauka tare da faifan. Aikinsa shi ne ya shiga bakin yankan ya hana shi rufewa, ya kuma tare katakon kada ya hau haƙoran baya. Wannan ɗan ƙarfe, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ya fi kowane sashe na injin hana harbi. A Turai an daɗe ana ƙera injuna da shi. A Amurka sai daga shekarar 2008 aka fara wajabta shi a kan sababbin samfura. Saboda haka tsofaffin injunan Amurka da ke shigowa a gwanjo da yawa ba su da shi.

Ƙa'idarsa ita ce ya fi jikin faifan kauri kaɗan, amma kada ya kai faɗin bakin yankan. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Ingila ta ce tazarar da ke tsakaninsa da haƙora kada ta wuce milimita 8. A saman faifan kuma a sami murfi. Idan mai sayarwa ya ce ai ƙwararru cire su suke yi, a tambaye shi ina ya ajiye su. In babu, kuma babu inda za a ɗaura wasu, to kuɗinku ya koma aljihu.

Wannan magana ta shafi injunan da masu walda ke haɗawa a nan gida. Wasunsu suna da ƙarko ƙwarai, gyaransu kuma ba wuya. Amma sau da yawa za ka ga faifai tsirara, bel a buɗe, jagorar kuma guntun katako ne da aka danne da ƙusa. Wanda zai ba da aikin irin wannan inji ya sa sharaɗi tun ran gini: wuƙar baya, murfin faifai, murfin bel, da jagorar ƙarfe mai kullewa.

Tebur da shaf

Na uku, a zare fulogi daga wuta, sa'an nan a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan teburin, a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa. In haske yana wucewa sosai ta ƙarƙashinsa, teburin ya lotsa. A ɗaga faifan har iyaka, a yi wa haƙori ɗaya alama da alli, a auna daga makwarara zuwa gare shi yana gaba, a juya shi baya a sake aunawa. Wannan ne zai nuna ko faifan yana tafiya daidai da makwarara. A kama faifan a girgiza shi hagu da dama. In yana wasa, boris ya ci ko shaf ya lanƙwashe. Canjin boris ƙaramin aiki ne, amma lanƙwasasshen shaf ciwon kai ne. A juya hannun ɗagawa da na karkatarwa a ji ko suna tafiya lafiya, a ɗora sukwaya a tabbatar faifan yana tsayawa cak. Daga nan a nemi a gwada yanka a gabanku. Gani ya kori ji. Gefen da ya fito da baƙin ƙuna ko sawun haƙora yana faɗa muku akwai abin da ya karkace.

Irin injin da ya dace

Injunan sun kasu kusan gida uku. Akwai ƙananan na ɗauka, irin waɗanda kamfanoni kamar Makita da Bosch da DeWalt ke yi domin masu zuwa aikin gini. Nauyinsu daga kilo 20 zuwa 40, teburinsu alminiyom ne, injinsu mai burushin gawayi ne, yana da ƙara sosai, burushin kuma yana cinyewa a canza. Akwai matsakaita, masu teburin ƙarfen zubi da bel, ƙarfin doki 1.5 zuwa 2, sun fi shiru, sun fi daɗewa, nauyinsu ya kai kilo 100 ko fiye. Akwai kuma manya na masana'anta, doki 3 zuwa 5, nauyinsu ya haura kilo 200.

Mai sha'awa da ke aiki a gareji, da mai yawon aiki gida-gida, na ɗauka ya ishe su. Wanda zai buɗe shago ya yini yana tsaga maɗaci da iroko, matsakaici ya fi masa, domin nauyin kansa yana rage girgiza. Babba kuwa a bar shi sai aiki ya kira shi. A kuma auna ɗaki kafin a je kasuwa: tsaga katako mai ƙafa 8 yana bukatar filin ƙafa 8 a gaban faifan da wasu 8 a bayansa.

Akwai ma wanda bai kamata ya sayi injin nan yanzu ba. Idan aikinka duk yankan filawud ne jefi-jefi, zarton lantarki na hannu da miƙaƙƙen katakon da za ka danne ya yi maka jagora sun wadatar, ko ka biya masu inji a kasuwar katako su yanka maka. Sannu ba ta hana zuwa.

Wutar lantarki

Yanzu ga inda mutanenmu suka fi asarar kuɗi. Wutarmu volt 230 ce, mai bugu 50 a daƙiƙa. Ta Amurka volt 120 ce, mai bugu 60. Injin da aka yi wa Amurka, in aka soka shi kai tsaye a soket ɗinmu, ƙonewa zai yi. Ƙaramin na ɗauka yana jan kusan wat 1,800, sai an haɗa shi da taransifoma mai ɗaukar wat 3,000 ko fiye. Mai bel kuwa, ko an daidaita masa volt, bambancin bugun nan zai rage masa gudu da kashi ɗaya cikin shida, kuma yana iya riƙa ɗaukar zafi. Hatta na Ingila a kula: kayan aikin da ake amfani da su a wuraren gini a can, masu fulogi ruwan ɗorawa, volt 110 ne. Manyan injunan masana'anta kuma galibi wuta mai layi uku suke sha, wadda ba kowane gida ke da ita ba. Duk wannan yana rubuce a ɗan allon ƙarfen da ke manne a jikin injin. A karanta shi kafin a yi ciniki.

Sai batun janareta. Doki ɗaya wat 746 ne, amma a lokacin tashi injin yana jan ninkin abin da yake ci sau da yawa. Saboda haka a nemi janaretan da ƙarfinsa ya ninka na injin kamar sau 3. Ɗan ƙaramin da ke kunna fitila da fanka ba zai tayar da shi ba.

Sa'an nan makunni. Ku ɗauka ana tsakiyar yanka aka ɗauke wuta. Kafinta ya manta bai kashe ba, ya sa hannu yana zare katakon, ko yaron shago yana share ƙura, sai aka dawo da wuta. Akwai makunni mai maganaɗisu wanda da wuta ta ɗauke yake sakin kansa, injin ba zai sake tashi ba sai an danna da hannu. A ƙasar da wuta ke zuwa tana komawa ba sallama, wannan makunni wajibi ne. In injin bai zo da shi ba, a sa mai aikin lantarki ya ɗaura, a inda gwiwa za ta iya kashe shi, ya kuma haɗa wayar ƙasa.

Faifai

Faifan da ke zuwa da inji sau da yawa ba na kirki ba ne. Mai haƙora 24 na tsagawa ne, mai 60 zuwa 80 na datsawa da filawud, mai 40 zuwa 50 kuwa yana taɓa duka biyun, shi ya fi dacewa da mai farawa. A kula da ramin tsakiya: na Amurka kusan milimita 16 ne, na Turai galibi 30. Faifai mai babban rami yana zama a kan siririn shaf idan an sa masa zobe, amma mai ƙaramin rami ba ya shiga babban shaf. A zaga kasuwa a ga wane iri ne ake samu, a kuma san inda ake wasa haƙora. Dakusasshen faifai yana sa mutum ya riƙa dannawa da ƙarfi, daga nan kuwa tsautsayi ke farawa.

Injin da ke tsayawa da kansa

Wasu za su tambaya game da injin da ake nunawa a intanet, wanda ke tsayawa cak da ya taɓa yatsa. Gaskiya ne akwai shi. Wani Ba'amurke mai suna Steve Gass ne ya ƙirƙiro dabarar a 1999, kamfaninsa SawStop ya fara sayar da injunan a 2004. Ana sa wa faifan 'yar ƙaramar wutar lantarki. Jikin mutum yana taɓa shi sai wutar ta canza, wani dunƙulen alminiyom ya faɗa cikin haƙoran, faifan ya tsaya ya nutse ƙarƙashin tebur cikin ƙasa da kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa. Mai hali ya saya, bai yi asara ba. Amma a san yana da tsada, duk lokacin da birkin ya kama sai an sayi sabo, sau da yawa har da faifan, jiƙaƙƙen katako kuma yana iya tayar da shi a banza. Bugu da ƙari, birkin ba ya hana harbi. Wannan har yanzu aikin jagora ne da wuƙar baya.

Kasafin kuɗi

Kada a juye duk abin da ke aljihu a kan injin. A ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu domin faifai mai kyau, gilashin kare ido, abin toshe kunne, abin rufe hanci, da aikin waya. Ƙarar injin tana kusantar ma'auni 100, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa idan an daɗe. Ƙurar katako kuma, tun 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, ƙurar iroko ma an san ta da tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Hausawa sun ce araha ba ta ado, sayen nagari kuma mai da kuɗi gida ne. Tsohon inji mai teburin ƙarfen zubi wanda ya ci jarrabawar da na lissafa ya fi sabo mai sheƙi wanda jagorarsa ke rawa.

Bayan an kawo shi gida

Abu na farko da za a yanka shi ne sandar turawa, mai tsawon akalla santimita 45, a riƙa ƙarasa santimita 30 na ƙarshen kowane yanka da ita. A ɗaga faifan ya ɗara kaurin katakon kaɗan kawai. A tsaya a gefe, kada a saitin faifan. Kowane yanka a jingina katakon da jagora in tsagawa ce, ko da ma'aunin kusurwa in datsawa ce, kada a haɗa biyun lokaci ɗaya, domin guntun da ya maƙale tsakanin jagora da faifai harsashi ne. Babbar riga da riga mai faɗin hannu da safar hannu a rataye su a ƙofa. Kada a miƙa hannu ta saman faifan ɗauko guntu sai ya tsaya. A zare fulogi kafin canza faifai. Yara kuma a rufe musu ƙofa.

Ga iyaye da yayyen da za su saya wa wani, ina roƙonku ku tafi kasuwa tare da tsohon kafinta, ku biya shi ladan yininsa. Ku kuma bar yaron ya yi wasu watanni a ƙarƙashin maigida mai kula kafin ya tsaya shi kaɗai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Halin da ya koya a watan farko da shi zai yi shekara talatin.

A taƙaice, 'yan'uwa, ga jerin yadda za a bi: jagora, wuƙar baya da murfi, tebur da shaf, wuta da makunni, sa'an nan ƙarfin doki, sa'an nan farashi. Wanda ya bi wannan jeri zai dawo gida da injin da zai ciyar da iyalinsa, ya kuma bar masa hannun da zai ci abincin da shi.

Mai girma shugaban taro, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.